JIKA 5 A WATA: YADDA MAKIYAYI ZAI SOMA TANADI DA JARI

Wannan jawabi ne da ma'ajin ɗaya daga rassan ƙungiyarmu na jihar Maradi ya yi gaban makiyaya da ƴan kasuwar bisashe, wurin taron mambobi na bayan damana. Mun kawo muku shi kamar yadda ya faɗa, saboda waɗanda ba su samu zuwa ba.



Ina gaida iyayenmu hakimai da arɗaɗe da ke zaune nan, Allah ya ja zamaninku. Ina gaida malamai, da dillalai, da fatake, da iyayenmu mata waɗanda suka baro ƙoren nono suka zo, da samarin da suka bar garke hannun ƙannensu. Sannunku da hanya, sannunku da rana.

An ce in yi magana bisa kuɗɗi. Ku yi mini haƙuri, ni ba ma'aikacin banki ba ne. Karatuna aji 6 na lakkol ya tsaya, daga nan baffa ya miƙa mini sanda. Abin da zan faɗa muku yau, rabinsa hasara ce ta koya mini shi, rabi kuwa littafin asusun reshenmu da nake riƙe da shi.

Abin da ya same ni a 2010

Mu da muke cikin shekara 40 da ƴan kai, labarin farin 1973 da na 1984 bakin iyayenmu muka ji shi. Amma 2005 da 2010 da idonmu muka gani. A 2010 ina da shanu 23. Tun watan 11 na 2009 kowa ya san ciyawa ba ta yi ba. Wani dattijo ya ce da ni in saida bijimai 4 tun suna da nama, in sayi dussa da hatsi in aje. Na ce masa ni ba na taɓa garken da baffa ya bar mini. Da bazara ta kama, saniyar da za ta sayi buhun hatsi da yawa cikin kaka ta koma sai an roƙi mahauci ya karɓe ta. Da ruwan farko ya zo da ƙarfi, waɗanda suka rage ba su da ƙarfin tashi daga laka. Shanu 9 na komo da su gida.

Jama'a, ban rasa dukiya ba a wannan shekara, dukiya ina da ita. Abin da na rasa shi ne jika 100 cikin aljihu a daidai watan da ake bukatar su. Dukiyata duka tana bisa ƙafa huɗu, kuma rana ɗaya ta ji yunwa gaba ɗayanta. Wannan shi ne tushen maganar yau.

Kada wani ya tashi nan ya ce ma'aji ya ce a saida shanu a kai banki. Ban ce haka ba. A watan Janairu na 1994 an rage darajar sefa da rabi. Wanda ya kwana da kuɗɗi cikin tukunya ya tashi ya tarar kayan da ake shigowa da su sun yi tsada, wanda ke da shanu kuwa ya ga kasuwa ta buɗe mashi, don ƙasashen bakin teku sun komo sayen bisashenmu. To kun gani: a 1994 mai bisa ya tsira, mai tsabar kuɗɗi ya yi kuka, a 2010 mai tsabar kuɗɗi ya tsira, mai bisa kaɗai ya yi kuka. Babu wanda ya san wace irin shekara ce ke tafe. Shi ya sa mutum ba ya tsayuwa da ƙafa ɗaya.

Ina makiyayi zai samu kuɗɗin wata?

Na san abin da ke ranku. Kuna cewa wannan magana ta masu albashi ce, mu wa ke biyan mu ƙarshen wata? Gaskiya ne, ba mu da albashi. Amma muna da ranar kasuwa, kuma ranar kasuwa ta fi ƙarshen wata yawan zuwa.

Mu yi lissafi tare. Jika 1 da dala 50 kowace ranar kasuwa, cikin sati 4 sun zama jika 5. Cikin sati 52 na shekara sun zama jika 65. Yanzu kowa ya tambayi kansa abin da yake kashewa ranar kasuwa wajen shayi da sukari da goro da taba, da tsire, da kuɗɗin da ake zuba wa salula don hira. Ban ce ku bar shayi ba, ni ma ina sha. Cewa na yi a fidda na tanadi da farko, tun kuɗɗin na da ɗumi a hannu, abin da ya rage a sha shayi da shi. Wanda ya ce sai ya gama sayayya zai aje ragowa, ba zai taɓa ganin ragowa ba.

Wanda jika 5 ta yi wa nauyi ya soma da jika 2. Dillali ya ɗora wa kansa doka, kowace la'ada ya fidda kashi 1 cikin 10. Falke ya fidda nashi bisa kowane kai da ya saida da riba. Wanda ya saida bajimi sau ɗaya a shekara ya fidda na wata 12 gaba ɗaya ranar. Da yayyafi kogi kan cika, amma sai in yayyafin bai tsaya ba. Jika 2 kowane wata har shekara 3 ta fi jika 20 da aka zuba sau biyu aka gaji.

Mataki na farko: kuɗɗin ɓacin rana

Akwai ajiya, akwai jari. Ajiya ita ce abin da ka aje don ka tarar da shi yadda ka bar shi. Jari shi ne abin da ka sa cikin wata harka don ya haihu, kuma duk abin da ke haihuwa yana iya mutuwa. Mai somawa ajiya yake fara yi.

Wata 6 na farko, ko shekara guda ma, kada ka sayi komi da abin da kake tarawa. Ka bar shi ya kai abin da zai kai mutum likita, ya biya mota, ya sayi buhun hatsi 1 ko 2. Me ya sa? Don mu duka mun san yadda ake saida bisa ranar da yaro ya kwanta. Mai saye yana ganin fuskarka ya san ba za ka koma gida da ita ba, sai ya taya yadda ya ga dama. Jika 40 da ke ajiye suna hana ka saida tunkiya mai ciki rabin kuɗɗinta. Wannan ma riba ce, ko da ba ta shiga aljihu ka ƙirga ta ba.

Ina za a aje?

Wuri na farko shi ne asusun ƙungiya. Nan ba mu da abin da za mu koya wa mata, su za su koya mana. Tsarin Mata Masu Dubara nan jihar Maradi ya soma a 1991, da taimakon ƙungiyar CARE, yau kuwa ƙasashe da yawa sun kwaikwaye shi. Yadda yake tafiya: mutum 15 zuwa 30 da suka san juna suna haɗuwa kowane sati, kowa ya zuba abin da aka yi alkawari, a ƙirga gaban kowa, a faɗa da ƙarfi. Akwatin yana da kwaɗo 3, makullan na hannun mutum 3, akwatin kuma na hannun na huɗu. Mai bukata ya ranta ya maido cikin wa'adi. In shekara ta kewayo a fasa a raba, kowa gwargwadon zubinsa. Ya bambanta da adashi, don shi adashi kwasa ake yi bi da bi, ranar da bukatarka ta zo wataƙila kwasar wani ce.

Matsalarmu mu makiyaya ita ce tafiya. Damana muna arewa, rani muna kudu, wa zai zo taron sati? A reshenmu abin da muka yi shi ne mun maida zubi na wata, mun aje akwati wurin waɗanda ba su tashi daga mazauni, masu tafiya kuma suna aiko nasu ta salula ko ta kamfanonin aika kuɗɗi, a rubuta, a kira mutum a gaya masa an rubuta. Amma ba a buɗe akwati sai mutum 3 masu makulli na tsaye, da shaidu.

Wuri na biyu shi ne kes ɗin ajiya da bashi, ko banki. Kafin ka ba kowa kuɗɗinka ka tambaya ko yana da takardar izinin aiki daga hukuma. A Nijar akwai hukumar da ke sa ido bisa ƙananan ma'ajiyoyin kuɗɗi, ana ce mata ARSM, babban bankinmu kuwa shi ne BCEAO. Ka karɓi karne da sunanka, duk zubi a buga mashi hatimi, kada ka bar karnenka hannun kowa. Ƙarin da banki ke bayarwa bisa karnen ajiya kashi 3 da rabi cikin 100 ne a shekara, wato jika 100 ta ba ka jika 3 da dala 100. Kun ga ba wurin yin arziki ba ne. Amfaninsa shi ne gobara ba ta ci, gara ba ta ci, ɓarawon daji bai san da shi ba. Shi ma yana da nashi ciwo. Manyanmu sun tuna ma'ajiyoyin da suka durƙushe da kuɗɗin mutane wajen 1990, mu kuma mun ga yadda fidda kuɗɗi daga banki ya yi wuya lokacin takunkumin 2023. Don haka ko banki ba a kai mashi duka.

Wuri na uku shi ne salula. Tana da sauƙi ga mai yawo, kuma ta fi ɗaura kuɗɗi a gindi a bi hanyar daji da su. Amma ana cire wani abu wajen fiddawa, kuma lambar sirri sirri ce. Kada ka ba yaron da ke cajin salula a kasuwa. Duk wanda ya kira ka ya ce daga kamfani yake, ka faɗa mashi lambarka, ɓarawo ne, ka kashe.

Wata magana ga masu kai bisashe Jibiya da Mai'aduwa da Illela da Maigatari. Ciniki da naira dole ne, amma ajiya da kuɗɗin da kake sayen hatsi da su ake yin ta. Kun ga ƙarancin takardun naira na farkon 2023, kun ga yadda ta faɗi gaban sefa daga tsakiyar 2023 zuwa 2024. Kun ga an rufe iyaka daga watan 8 na 2019 har watan 12 na 2020, an sake rufe ta a 2023. In ka saida, ka canza abin da za ka aje kafin ka kwana biyu.

Mataki na biyu: jarin da ya fi kusa da mu

In kuɗɗin ɓacin rana sun samu, jari na farko da nake ba kowa shawara shi ne cimakar bisashe da ta gida, a saye ta cikin kaka. Babu wata harka da muka sani kamar wannan. Kowace shekara harawa da dussa da ƙwaryar auduga da hatsi suna araha bayan girbi, su yi tsada watan 4 zuwa watan 6. Bisa kuwa tana da tsada lokacin da ta ƙoshi, ta faɗi lokacin da ta rame. Mu kuma mun saba saida bisa lokacin da ta faɗi don mu sayi dussa lokacin da ta hau. Hasara biyu ke nan rana ɗaya.

Ga misali, ba farashin kasuwar yau nake faɗa muku ba. Mu ce mutum 20 suna zuba jika 5 kowane wata. Wata guda jika 100 ke nan, wata 6 jika 600. In buhun dussa jika 8 ne cikin kaka, sun samu buhu 75. In sun jira bazara ya kai jika 12, buhu 50 za su samu. Buhu 25 sun tafi don jira kawai. Wannan shi ne abin da ake kira bankin cimakar bisashe: a saya tare, a aje tare, bazara a saida wa mambobi da ɗan ƙari ƙasa ga farashin kasuwa, kuɗɗin su komo akwati don kaka mai zuwa.

Amma ku ji inda irin waɗannan bankuna ke mutuwa, don na ga sun mutu. Na ɗaya bashi. Wane ɗan'uwan shugaba ne, a ba shi buhu 5 sai ya saida bajimi, daga nan ba a sake ganin kuɗɗin. Na biyu ɗaki. In rufi na zuba, ko an jibge buhu bisa ƙasa babu katako, dussa ta yi tsami ta yi ƙwari. Na uku, wata shekara ciyawa na yi sosai ko gomnati ta kawo dussa mai rahusa, sai farashi ya ƙi hawa. Ranar nan ba a yi riba ba, amma bisashenku sun ci, kuma ba ku roƙi kowa ba.

Cikin wannan mataki nake sa lafiyar bisashe. Allurar rigakafin ciwon huhu na shanu da ta annobar awaki da tumaki, da ma'aikatan kiwo ke fitowa yi kowace shekara, kada a gudu da garke in an ji sun zo. Bushiya da ta ƙare garkunan kakanninmu allura ce ta kashe ta, har aka bayyana a 2011 cewa babu ita a duniya. Maganin tsutsa da na hanta kuma a saye shi wurin likitan bisashe, a bar na tebur da rana ta gasa. Jika 2 da ta hana saniya mutuwa, wane jari ne ya kai ta riba?

Mataki na uku: akuya da turka

Mai jika 5 a wata ba da saniya zai soma ba. Saniya wata 9 take ɗaukar ciki, karsana kuma sai ta shekara 3 ko 4 kafin haihuwar fari. Akuya da tunkiya wata 5 ne. Jar akuyarmu ta Maradi, in tana ƙoshi, tana iya haihuwa sau 3 cikin shekara 2, kuma takan yi tagwaye. Mu ce tarin shekara guda jika 60 ne. Ka sayi awaki 2 jika 25 kowace, ka bar jika 10 don magani da dussa. Kada ka lissafa ƴaƴan da ba a haifa ba, kuma cikin waɗanda aka haifa ka san wasu za su mutu. Ko da haka, bayan shekara 2 kana da ƙaramin garke da za ka riƙa kamawa kana saidawa don ƙananan bukatu, shanunka na zaune lafiya. Bayan farin 2010 da awaki na sake tashi, su suka saya mini karsana ta farko.

Sai turka don Layya. Nan mutane da yawa ke ruɗin kansu, don suna tuna kuɗɗin da suka sayi rago da wanda suka saida shi, su manta abin da ya ci. Mu lissafa, misali ne kuma. Rago jika 50. Cimaka dala 60 kowace rana har kwana 100, jika 30 ke nan. Magani jika 3. La'ada da kuɗɗin kasuwa jika 2. Duka jika 85. In an saida shi jika 100, riba jika 15 ce, ba jika 50 ba. In ka turke 4, ɗaya ya mutu dab da salla, ukun sun ba ka jika 45, mataccen ya tafi da jika 83. Ka yi aikin wata 3 ka fita da hasarar jika 38. Saboda haka ribar turka wurin saye take da wurin cimaka: ka sayi ramamme mai lafiya da ƙashi babba, ka ciyar da shi da harawar da ka tanada tun kaka. Ku tuna kuma Layya tana matsowa da wajen kwana 11 kowace shekara, lissafin bara ba shi ne na bana ba. Kuma kada mai somawa ya ci bashi mai wa'adi don turka, rago bai san wa'adi ba.

Mataki na huɗu: abin da fari ba ya kashewa

In tafiya ta yi nisa, wani kashi ya fita daga garke gaba ɗaya. Amalanke da jaki da ke ɗaukar kaya ranar kasuwa. Ɗan fili cikin gari. Karatun yaro ɗaya ko biyu, mace ko namiji, don gidan da ke da mai karanta takarda ba a cutar shi da sauƙi. In fili ne, kada ka biya sai ka ga takarda, ka bi ta wurin hakimi da kwamitin kula da filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa. Kuma kada ɗan ƙungiyarmu ya sayi fili cikin burtali ko makiyaya ko bakin mashaya, ko da an yi mashi araha. Dokar kiwo ta 2010 ta tsare waɗannan wurare, mu muka yi ta kuka har aka samu, kunya ce a tarar da namu cikin masu cinye su.

Manyan fatake suna tambaya ta bisa hannun jari. Akwai kasuwarsa ta ƙasashenmu 8 masu sefa, mazauninta Abijan, ta soma aiki a 1998, kuma akwai takardun bashin gomnati da akan saida jika 10 kowace. Ana shiga ta hannun kamfanonin da ke da izini. Hannun jari yana hawa yana sauka kamar farashin bijimi, kuma ko gomnati takan jinkirta biya, kamar yadda ya faru lokacin takunkumi daga 2023 zuwa farkon 2024. Wanda ke da mai karanta mashi takarda amintacce, kuma kuɗɗin ba na cimakar bana ba ne, yana iya gwadawa da kaɗan. Sauranmu mu soma da abin da muke iya duba haƙoransa.

Masu ninka kuɗɗi

Da zaran an ji kuna tarawa, za su zo. Wani da riga mai tsada, wani cikin salula. Za su ce ka kawo jika 50, bayan wata guda ka karɓi 65. A Najeriya an yi wani mai suna MMM da ya yi alkawarin kashi 30 cikin 100 kowane wata, a watan 12 na 2016 ya rufe da kuɗɗin jama'a masu yawan gaske. Dabararsu ɗaya ce ko sun canza suna: kuɗɗin waɗanda suka shigo yau ake biyan na jiya da su, ranar da sabbin shiga suka ƙare sai a nemi mai riga a rasa.

Ni ma an taɓa ni, jika 30, kuma wanda ya kai ni ɗan'uwana ne da shi ma bai san ƙarya ba ce, don an biya shi sau biyu da farko. Ga ma'aunin da nake amfani da shi tun daga ranar. Saniya da Allah ya halitta shekara take yi ta ba ka maraƙi guda. Duk wanda ya ce kuɗɗinsa sun fi saniya saurin haihuwa, ka tambaye shi me yake saye, me yake saidawa, ina kasuwar take. In ya ce sirri ne, ko ya ce ka yi sauri yau za a rufe, ko ya ce ka kawo mutum 3 a ƙara maka, ka ɗauki sandarka. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Addini da zumunta

Wasu za su ce ƙarin banki riba ce da addini ya hana. Wannan tambaya ce ta malamai, ga su nan zaune, ku tambaye su. Abin da na sani shi ne akwai bankuna da kes masu aiki bisa tsarin Musulunci, akwai ajiyar da ba a ɗora mata ƙari, kuma ƙungiya na iya barin bashi mai ƙari ta sa kuɗɗinta cikin saye da saidawa a raba riba da hasara. A reshenmu haka muka zaɓa. Zakka kuma ba ta faɗi don an maida bisa kuɗɗi. Yadda shanu 30 ko awaki da tumaki 40 ko raƙuma 5 ke da zakka, haka kuɗɗin da suka kai nisabi suka shekara ke da kashi 1 cikin 40.

Zumunta kuwa, na san ranar da aka ji kana da ajiya, ranar ƙanen inna zai zo da bukata. Ba mu bar taimakon juna ba, mu da muka gaji habbanaye, inda ake ba wanda ya rasa karsana ya riƙe har ta haihu ya maido uwar. Ka ware na taimako daban, na tanadi daban. Wannan ma yana cikin amfanin akwati mai kwaɗo 3, don kana iya rantsuwa da gaskiya cewa makulli ba ya hannunka.

Ku kuma maza ƴan'uwana, kuɗɗin nono da mai na mata ne, haka muka tarar. In matarka ta shiga asusu, ranar rabo kada ka tsaya bakin ƙofa kana jira. Gidaje nawa ne a 2010 awakin mata suka ciyar da su bayan shanun maigida sun faɗi? Nawa yana ciki.

Abin da nake roƙo kafin mu watse

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu kaka ce, bisashe sun ƙoshi, dussa ba ta hau ba tukuna. Ina roƙon kowane mazauni ya fidda mutum 15 zuwa 20 da suka yarda da juna, su zaɓi mai riƙon akwati da masu makulli 3 da mai rubutu. Ku yanke abin da za ku iya zubawa ko cikin watan wahala, kada ku yanke na burga. Ku rubuta dokarku: ranar zubi, tarar wanda ya makara, wa ake ba rance, yaushe ake rabo, da abin da za a yi in mutum ya rasu, don magadansa su san haƙƙinsu. Wanda ba ya karatu ya aje tsakuwa ko ya yi zane bisa sanda kowane zubi, kuma a karanta mashi littafi da ƙarfi kowane taro. Mai garke babba kuma ya dubi tsofaffin shanu da bijiman da ba ya bukata, ya rage tun suna da daraja.

Littafin reshenmu ga shi nan bisa tabarma. Duk mai son ganin yadda muke rubutawa ya zo bayan salla in nuna mashi, shafi da shafi, har da inda muka yi kuskure.

Abin da na faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure ku gafarce ni, ku gyara mini. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mu da bisashenmu, ya maida kowa gidansa lafiya.